Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Kano: Kada Kasuwa ta Haɗiye Fagge

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Alhaji Abba Kabir Yusuf,
Gidan Gwamnati, Kano.



Na rubuto ne a kan unguwar Fagge, da sauran unguwannin da Allah Ya haɗa su katanga da manyan kasuwannin Kano, irin su Ƙofar Wambai da Ƙofar Mata. Gidaje a waɗannan wurare sun yi tsadar da ɗan unguwa ba ya iya saye a layin da aka yanke masa cibiya, haya ma tana neman fin ƙarfinsa. Duk gidan da ya fita daga hannun magada, kafin shekara ta zagayo an baje shi, an tayar da filaza ko sito a gurbinsa. Mutane da yawa suna kallon wannan a matsayin tafiyar zamani wadda ba mai iya tare ta. Ni kuwa abin da nake son in nuna maka shi ne, wannan tsada tana da tushe a cikin izinin da ofisoshin gwamnati ke bayarwa ko suke kawar da kai a kansa, don haka alƙalamin da ke hannunka yana iya sassauta ta ba tare da an tauye haƙƙin mai gida ko an karya ɗan kasuwa ba.

Ranka ya daɗe, Fagge da kasuwa tagwaye ne tun asali, kuma ba wanda zai yi maganarta da gaskiya ya manta da haka. Masana tarihi suna danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lokacin da ta zama zangon ayarin da ke saukowa daga arewa da gishiri da sauran kayan Sahara, su sauke a bayan ganuwa kafin su shiga kasuwar Kurmi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ta samu kanta tsakanin Birni da tasha da Sabon Gari. Larabawan Lebanon da Siriya suka zauna a kudancinta, kanti a gaba, iyali a baya ko a sama, kuma a kan wannan tushe Kantin Kwari ya tsiro. Har gobe idan ka shiga Kwari za ka ji ana kiran rukunin shaguna da sunan "gidan wane", domin a da gidajen ne na gaske, ana kwana ana tashi a cikinsu. Shekaru aru-aru ciniki da zama suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a wannan yanki. Abin da ya sauya a yanzu shi ne ɗayan ya daina barin wa ɗayan wuri.

Yadda gida ke fita daga unguwa sananne ne, kuma kusan kullum hanyarsa ɗaya. Dattijo ya rasu ya bar gida guda, da mata, da 'ya'ya goma ko sha biyar. Gidan ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki ta yadda kowa zai samu haƙƙinsa, ga tumunin matan, ga rabon 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu suna jira. Tun ba a share makoki ba dillali ya fara kai-komo. A cikin magadan akwai waɗanda ke son su riƙe gidan ubansu, su biya 'yan'uwansu, amma da wane farashi? Idan aka zo yi wa gidan kuɗi, ba a tambayar abin da magidanci mai ɗinki ko koyarwa zai iya biya. Ana lissafa shaguna nawa filin zai ɗauka a ƙasa, sito nawa a sama, nawa kowane shago ke kawowa a shekara. Ɗakin da iyali ke haya, idan aka fasa masa ƙofa ta waje aka sa masa ƙyauren ƙarfe, kuɗinsa ya ninka sau da yawa. A fikihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, wanda ya yi tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya karɓi kason da aka sayar wa bare a kan kuɗin da baren ya biya. Haƙƙi ne mai hikima wanda aka tanada domin kada a cusa wa mutum baƙo a cikin gidansa. Sai dai idan kuɗin da baren ya ajiye kuɗin filaza ne, haƙƙin ya zama na baki kawai, domin ba magajin da zai iya ɗaga shi.

Halin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga ya ƙara wa wutar fetur. A ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da ka karɓi rantsuwa, aka sanar da cire tallafin man fetur, ba da jimawa ba kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a farkon shekarar. Mai kuɗi ya ga takarda tana narkewa a hannunsa, sai ya nemi inda zai binne dukiyarsa, kuma a Kano ba inda ya fi fili kusa da kasuwar Kwari ko Singa ko Wambai tabbas. Talaka kuwa tsadar siminti da rodi ta hana shi gyara katangar da damina ta jiƙa, balle ya ɗora bene. Ɗaya yana neman abin saye ido rufe, ɗaya gida yana neman faɗo masa a ka. Waɗannan abubuwa ba a hannun gwamnan jiha suke ba, na sani. Amma abin da ya sa matsin ya taru a kan gidajen kwana na Fagge shi ne tabbacin da mai saye yake da shi cewa duk gidan da ya saya, a kowane lungu yake, zai iya mayar da shi shaguna, ba mai ce masa uffan. Wannan tabbacin shi ake saye da tsada, kuma hukuma ce ke ba da shi.

Domin a ga abin da ake asara, a shiga layin da filaza ta cinye rabinsa bayan sallar isha'i. Da rana ba masaka tsinke: 'yan dako ɗauke da dilolin atamfa da shadda, masu kura suna neman hanya, babbar mota ta toshe bakin layi tana sauke kaya. Da dare kuwa ƙyauren ƙarfe ne jere da kwaɗuna, sai maigadi da tocilarsa. Dakalin da dattawa ke zama an fasa shi an yi matakala. Zauren da yara ke karatun allo ya zama wurin ajiye katan. Masallacin layi yana cika maƙil da azahar da la'asar, da asuba kuwa sahu ɗaya ba ya cika. Gidaje uku ko huɗu da suka rage suna zaune a inuwar benaye, tagogin sito suna leƙa tsakar gidansu, matan gida sun daina shanya da sakewa a inda suka saba. Wannan shi ke sa wanda ya yi niyyar zama ma daga baya ya kira dillali da kansa. Kuma abin da ya watse ya wuce hira da sabo. Maƙwabciyar da ke riƙe yara idan uwa ta tafi asibiti, mai kantin da ke ba da bashin gero har ƙarshen wata domin ya san uban mutum, dattijon da zai tsawata wa yaro ko ba nasa ba ne, adashen mata, matasan da ke fita haƙa kabari ba tare da an kira su ba, mai unguwar da ya san baƙo da ɗan gida: wannan duka aiki ne da unguwa ke yi wa gwamnati kyauta. Ranar da ya tsaya, kuɗinsa yana dawowa kan baitulmali ta hanyar 'yan sanda da kotuna da yaran da suka tashi ba mai kwaɓa.

Waɗanda suka sayar kuma ina suke zuwa? Kuɗin da ya yi kama da dukiya a rana ɗaya, idan aka raba shi goma sha biyar, aka cire la'ada, abin da ke isa hannun kowa ba ya wuce kuɗin ɗan fili a bakin gari, can wajen Bachirawa ko Rimin Kebe ko Gaida, sau da yawa a awon igiya inda ba titi, ba kwata, ba famfo, ba makarantar gwamnati a kusa. Sana'arsu kuwa tana nan inda suka baro ta. Mai ɗinkin da ke takawa da ƙafa zuwa Kwari yanzu sai ya hau adaidaita sahu biyu, a lokacin da kuɗin mota ya ninka. 'Yan haya su ne suka fi shan wuya, domin ba su da kaso a cinikin, takardar tashi kawai ake miƙa musu. A ƙarshe gwamnati ta yi asara sau biyu. Makarantu da asibiti da bututun ruwan da aka kashe wa kuɗi a tsakiyar gari suna rasa masu amfani da su, sannan ana kiranta ta kai sababbi inda mutane suka yi dandazo ba tsari. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina lokacin kana kwamishinan ayyuka tsakanin 2011 da 2015, sun koyar da darasi a nan: gidaje masu kyau da tituna sun daɗe da yawansu a kulle, domin gini ba ya zama unguwa sai da mutanen da abincinsu ke kusa da shi.

Za a ce mutum da gidansa, halalinsa ne, ya sayar wa wanda ya ga dama. Haka ne, kuma ba na roƙon a hana kowa sayar da abin da ya gada, ko a jinkirta wa marainiya haƙƙinta. Amma sayar da gida daban, sauya abin da ake yi da fili daban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, kuma takardar mallaka tana fayyace ko fili na zama ne ko na kasuwanci. Ba a tayar da gini a birnin Kano bisa ƙa'ida sai da amincewar hukumar tsara birane ta KNUPDA, sauya manufar fili kuma sai ta Ma'aikatar Ƙasa da Tsare-tsare. Ke nan doka ta riga ta yarda cewa abin da mutum zai gina a filinsa ya shafi na kusa da shi. Addini ma ya riga doka faɗin haka, domin haƙƙin maƙwabci da hana cutarwa ginshiƙai ne a shari'a, kuma malaman fikihu sun yi bayani a kan tagar da ke leƙa gidan wani da ginin da ke toshe hanya. Wanda ya ɗora sito hawa uku a lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, ya yi amfani da haƙƙinsa, ya kuma taka na gidaje goma.

Za a kuma ce kasuwa ita ce ran Kano, Kwari kaɗai tana ciyar da dubban gidaje, tana jawo masu saye daga Nijar da Chadi da Kamaru, kuma duk wanda ya taƙaita mata wuri ya taƙaita arzikin jiha. Wannan magana ce mai nauyi, amma a duba ko faɗaɗar da ake yi yanzu tana yi wa kasuwar kanta amfani. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Gobara kuwa ta zama baƙuwar da kasuwannin Kano suka saba da ita, kuma kowane karo kukan ɗaya ne, motar ruwa ta zo ta rasa hanyar shiga. Yadi da roba da katan da aka cusa a lungunan da aka yanka domin jaki da mai tafiya a ƙasa haɗari ne ga mai kayan kafin kowa. Ciniki yana bukatar fuskar titi da mai saye zai gani, ajiya kuwa fili take bukata da hanyar tirela. Kano tana da inda za ta kai ajiyar. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023, ga kasuwar Dangwauro a kan titin Zariya inda aka mayar da dillalan magunguna daga Sabon Gari a 2024. Wannan ƙaura ta zo da ƙorafi da shari'a, kuma ya kamata a koyi darasin yadda aka yi ta, amma ta nuna cewa ana iya fitar da kaya masu nauyi daga tsakiyar gari ciniki bai mutu ba.

Akwai magana ta uku wadda ta fi sauran gaskiya, kuma ba zan kauce mata ba. Da yawa daga tsofaffin gidajen nan na ƙasa ne da suka gaji, ɗakuna a cushe, masai ɗaya ga mutum ashirin, kwata a buɗe. Wanda ke zaune a ciki ba ya bukatar a yi masa waƙar tsohuwar unguwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bugu da ƙari, idan aka hana mayar da gida shaguna, kuɗinsa zai ragu, kuma gidan shi ne kaɗai abin da talakan ya mallaka. Amsar ita ce kada a daskarar da Fagge yadda take. A bar ta ta yi sama, ta sabunta, amma da mutanenta a ciki. Tsarin da Kwari ta fara da shi, shago a ƙasa iyali a sama, shi ne mafita a layukan da ke da faɗi. Gidan da aka sake ginawa haka yana ba magada hayar shago da za su raba duk shekara, yana kuma ba su wurin kwana, maimakon kuɗin rana ɗaya da hauhawar farashi za ta cinye. Gaskiya ne wanda ke cikin lungu ba zai samu farashin filaza ba. Amma wancan farashin dama ana biyansa ne da kwanciyar hankalin maƙwabtansa, kuma abin da zai samu a madadinsa shi ne ɗansa ya iya sayen gida kusa da shi.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ga abin da nake roƙo. A fara da shata iyaka, layi-layi, tsakanin inda kasuwa za ta tsaya da inda gidajen kwana za su zauna, a yi shi tare da hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, a kuma tabbata an ji ta bakin mata da 'yan haya, sannan a liƙa taswirar a inda kowa zai gani. Kano ta taɓa samun tsarin birni na shekara ashirin da ake kira na Trevallion, wanda ya ƙare a 1983, kuma garin da ya ninka kansa tun daga lokacin ya cancanci a sake zama a yi masa tsari na unguwa-unguwa. Kafin a kammala wannan, a dakatar da ba da izinin mayar da gidan zama sito a cikin lungu. Duk wanda ya nemi sauya manufar fili, a sanar da maƙwabta a rubuce, a ba su wa'adin kawo ƙorafi, a kuma wallafa izinin da aka bayar, domin a rufe ƙofar da ake bi ta bayan fage. A manyan layuka a sharɗanta cewa benen sama na zama ne, da ƙofarsa daban da tagogin da ba sa leƙa gidan kowa, a kuma rage wa wanda ya bi wannan tsari kuɗin izini da harajin fili.

Sai maganar magada, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 an gina shi ne a kan cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, don haka ya fi isa ga ma'aikaci, mai ɗinki da ɗan tireda kuwa da wuya su ga ƙofarsa, kuma da yawa daga mutanenmu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da an kawo musu har gida. Jiha tana iya zama da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa a samar da hanyar da magaji zai sayi kason 'yan'uwansa ya biya a hankali, ko iyali su sake gina gidansu a cire kuɗin daga hayar shagunan ƙasa. Wannan ba zai yiwu ba sai da takarda, don haka a sauƙaƙa wa tsofaffin gidajen gado samun takardar mallaka da sunan magada gaba ɗaya, a farashin da za su iya. Hukumar Zakka da Hubusi kuma tana iya jawo attajiran da suka yi arziki a Kwari su sayi wasu gidajen su mayar da su hubusi, a riƙa ba malaman makaranta da limamai da zawarawa haya mai sauƙi. Filin da ya zama hubusi ya fita daga kasuwa har abada, dillali ba shi da abin yi da shi.

Abu ɗaya da nake roƙon a guje masa shi ne gyara da katafila. Rusau ɗin da aka yi a watan Yunin 2023, har da shagunan Filin Idi, ya nuna cewa gwamnatinka ta ɗauki filin jama'a da muhimmanci, amma ya kai ga hukuncin Babbar Kotun Tarayya na diyyar naira biliyan 30, kafin a sasanta a kan biliyan 3. Ko me mutum ya ɗauka game da wancan mataki, darasinsa a fili yake: hana gini tun yana kan takarda ya fi rushe shi araha, ga gwamnati da ga mai ginin. Tun ran gini ran zane. Wanda ya riga ya gina da izini a bar shi da abinsa, a tilasta masa hanyar ruwa da matakan kariya daga gobara. Ƙarfin hukuma a kai shi kan gidan da ba a rushe ba tukuna.

Ranka ya daɗe, gada da titi ana ganinsu, ana yanke musu kyalle, ana sa musu suna. Aikin da nake roƙo ba shi da ranar buɗewa, domin nasararsa ita ce abin da bai faru ba: gidan da ba a baje ba, tsohuwar da ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin da aka kai ta amarya, sahun asuba da bai ragu ba. Kowane wata da ya wuce ana rasa wasu gidajen, kuma filin da ya zama filaza ba ya komawa gida. Fagge ta karɓi baƙi da kayansu fiye da shekara 500 ba ta kori 'ya'yanta ba. Ina roƙonka ka sa hannu a kan abin da zai sa ta ci gaba da iya yin duka biyun.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka mashawarta na gari, Ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai fatan alheri,
Wani mai kishin Kano.